Gandun Ubangida da Gundumar Coci: Yadda Hukumomi Biyu Suka Riƙe Ƙauyen Ingila

A shekarar 1994 wasu ma'aurata da suka gaji wata gona a ƙauyen Aston Cantlow da ke lardin Warwickshire, a tsakiyar Ingila, suka samu takarda daga majalisar cocin ƙauyen tana neman su ɗauki nauyin gyaran wani sashe na ginin cocin, aikin da aka ƙiyasta kuɗinsa fiye da fam dubu 95. Ba su ci bashin kowa ba, ba su kuma yi wa coci alkawarin gudummawa ba. Hujjar majalisar ita ce akwai wani fili a cikin gonar da yake ɗauke da wannan nauyi tun zamanin da, kuma duk wanda filin ya shiga hannunsa, nauyin ya hau kansa. Aka yi ta shari'a daga kotu zuwa kotu har ta kai gaban alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda su ne kotun ƙoli a lokacin, kuma a 2003 suka ba coci gaskiya.

Ba za a gane dalilin wannan hukunci ba sai an san cewa ƙauyen Ingila ya shafe ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin hukumomi biyu da suke zaune a kan ƙasa ɗaya, amma kowacce da iyakarta, da jami'anta, da abin da take karɓa, da kundin da take rubutawa. Ta farko ita ce mano, wato gandun ubangida tare da manoman da ke riƙe da filayensa. Ta biyu ita ce farish, wato gundumar coci, yankin da limami ɗaya da majami'a ɗaya suke da alhakinsa. Mano ruwanta da ƙasa da wanda yake riƙe da ita. Farish kuwa ruwanta da duk wani mai rai da ke kwana a cikin iyakarta, ko yana da gona ko ba shi da ko taki ɗaya. Wannan bambanci shi ne ya sa daga baya ɗaya ta shanye ɗaya.

Gandun ubangida da kotunsa

A 1086, shekara 20 bayan Sarki William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, ya aika wakilansa suka ƙidaya dukiyar ƙasar, aka tattara sakamakon a kundin Domesday, wanda ya ambaci wurare fiye da dubu 13. A kowane wuri ana rubuta wanda ya riƙe shi kafin yaƙin, da wanda yake riƙe da shi yanzu, da yawan garmuna, da manoma, da maniƙa, da abin da wurin ke kawowa a shekara. Ma'aunin da aka yi wannan lissafi da shi shi ne mano.

Ƙasar mano kashi uku ce. Akwai wadda ubangida ya keɓe wa kansa, akwai wadda ya ba manoma su riƙe, akwai kuma makiyaya da dajin da kowa ke da haƙƙin kiwo da itace a ciki gwargwadon al'ada. Tsarin ya yi kama da na gandu da gayauna ta fuska ɗaya: manomin da ba shi da cikakken 'yanci yakan yi wa ubangida aikin kwana biyu ko uku a mako, ya ƙara da wasu kwanaki lokacin girbi, sauran lokacin ya koma nasa filin. Amma kamar ta tsaya a nan, domin ubangidan ba ubansa ba ne, kuma abin da ke kansa ya wuce aikin gona. Dole ya kai hatsinsa maniƙar ubangida ya biya ladan niƙa, ya biya kuɗi kafin ya aurar da 'yarsa, in kuma ya mutu ubangida ya zaɓi dabba mafi kyau a garkensa kafin magada su taɓa komai. Shi ubangidan ma ba lallai ne ya zama mutum mai zama a ƙauyen ba. Yana iya zama sarki, ko bishop (babban limami mai kula da majami'un yanki guda), ko gidan 'yan zuhudu, ko makaranta. Kwalejin Merton ta jami'ar Oxford, alal misali, ta mallaki mano na Kibworth Harcourt a lardin Leicestershire tun wajen 1270, kuma takardun da ta adana sun sa ƙauyen ya zama cikin waɗanda aka fi sanin tarihinsu.

Zuciyar mano ita ce kotunta. Wakilin ubangida ne yake shugabantar zama, a wurare da yawa duk mako uku, amma manoman ne da kansu, bayan sun yi rantsuwa, suke faɗin abin da al'adar wannan mano ta tanada, kuma al'adar takan bambanta daga ƙauye zuwa ƙauye: a wani wuri babban ɗa ke gadon fili, a wani wuri auta. A nan ake cin tarar wanda ya bar shanunsa suka yi ɓarna, da wanda ya ci iyakar maƙwabcinsa da garma, da wanda ya ƙi yashe magudanar ruwa. In mutum zai sayar da filinsa, sai ya mayar da shi hannun ubangida a gaban kotu, sau da yawa ta hanyar miƙa sanda, sannan a miƙa wa mai saye sandar, a rubuta a naɗaɗɗen kundin fata, a ba shi kwafin abin da aka rubuta ya riƙe a matsayin shaida. Akwai kuma wani zama na daban, galibi sau biyu a shekara, inda ake duba ƙananan laifuffuka, da ingancin burodi da giya, a kuma naɗa ɗan dokan ƙauye. A 1290 Sarki Edward na Ɗaya ya kafa dokar da ta hana mai riƙe da ƙasa ya yanka wa wani fili shi kuma ya zama ubangidan wanda ya yanka wa, kuma sakamakon haka aka daina ƙirƙirar sababbin mano.

Yadda gundumar coci ta samu iyaka

Lokacin da Augustine, ɗan zuhudun da aka aiko ya yi wa'azin Kiristanci, ya sauka a Kent da ke kudu maso gabashin Ingila a 597 da saƙon Fafaroma, babu wani abu mai kama da cocin ƙauye. Abin da aka fara ginawa manyan majami'u ne, kowacce da rukunin limamai masu zagaya yanki mai faɗi. Daga ƙarni na 10 zuwa na 12 sai iyayengijin ƙasa suka shiga gina ƙananan majami'u kusa da gidajensu, suna ɗauko limami, suna yanka masa fili ya noma. Shi ya sa har yau a ƙauyuka da yawa za a ga coci manne da tsohon gidan ubangida, wani lokaci ma nesa da gidajen jama'a.

Abin da ya tilasta a ja iyaka shi ne ushiri, kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona da na dabbobi. A zamanin Sarki Edgar, wanda ya yi mulki daga 959 zuwa 975, doka ta wajabta biyansa, ta kuma yarda cewa mai ƙasar da ke da coci mai maƙabarta ya ba cocinsa sulusin ushirinsa, sauran ya tafi babbar majami'a ta asali. Da zarar aka ce damin wannan gona na wancan limami ne, to tilas a san inda ikon kowane coci ya tsaya, har zuwa kan rafi da gindin itace. Zuwa wajen 1200 taswirar ta zauna, da gundumomi wajen dubu 9, kuma yawancin iyakokin ba su motsa ba sai ƙarni na 19. Babban taron cocin Katolika da aka yi a Lateran a 1215 ya ƙara ɗaure mutum da gundumarsa, domin ya wajabta wa kowane baligi ya furta zunubansa ga limaminsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma karɓi jibi a lokacin Ista. Tun da babu taswirar takarda, sai aka riƙa zagaya iyakar da ƙafa kowace shekara a kwanakin da ke gabanin bikin hawan Almasihu sama, limami a gaba, dattawa da yara a baya, ana bugun duwatsu da itatuwan iyaka da tsumagu domin yaran su riƙe wuraren a ka. Wasu garuruwa suna yin wannan zagaye har yanzu.

Girman gundumomin ya sha bamban ƙwarai. A kudanci da gabashi, inda jama'a suka yi yawa da wuri, ƙauye ɗaya coci ɗaya ne, birnin Norwich a wancan zamani yana da majami'u fiye da 50, tsohon birnin Landan kuma fiye da 100 kafin gobarar 1666. A arewa kuwa gundumar Whalley ta lardin Lancashire ta ƙunshi ƙauyuka da dama a kan ƙasa fiye da eka dubu 100. Haka kuma iyakar farish da ta mano ba sa faɗuwa wuri ɗaya sai an yi dace. Gunduma ɗaya tana iya ƙunsar mano uku ko huɗu, mano ɗaya kuma yana iya ratsa gundumomi biyu. Mai nazarin tarihin ƙauye da ya ɗauka abu ɗaya ne, zai yi ta neman mutum a kundin da bai taɓa shiga ba.

Duk da haka akwai igiyar da ta haɗa su. Wanda ya gina coci ya riƙe haƙƙin gabatar wa bishop sunan limamin da za a naɗa, kuma doka ta ɗauki wannan haƙƙi a matsayin kadara: ana gadonsa, ana ba da shi kyauta, ana sayar da shi. A ƙarni na 18 da na 19 mai kuɗi yakan saye shi musamman don ya sama wa ƙaramin ɗansa abin yi, kuma ba a rufe ƙofar cinikin gaba ɗaya ba sai a ƙarni na 20.

Inda ushiri ya bi

Asali limamin da ke cin dukan ushirin gundumarsa shi ake kira rekta. Ushirin iri biyu ne: babba, wato na hatsi da busasshiyar ciyawa da itace, da ƙarami, wato na 'yan tumaki da gashinsu, da madara, da ƙwai, da kayan lambu. Ban da wannan akwai gonar coci da limami ke nomawa ko ya ba da haya, sannan a wurare da yawa in mutum ya mutu, bayan ubangida ya ɗauki dabba mafi kyau, limami ya ɗauki mai bi mata.

Iyayengiji da yawa sun yi sadaka da majami'unsu ga gidajen 'yan zuhudu don neman lada. Sai gidan zuhudun ya zama shi ne rekta a idon doka, ya kwashe babban ushiri zuwa rumbunsa, ya ajiye na'ibi a ƙauyen ya yi aikin limanci a kan ƙaramin ushiri. A daidai wannan zamani, wajen ƙarni na 13, aka daidaita kan rabon nauyin ginin coci: sashen gabas, inda bagade yake kuma limami ke tsayawa, gyaransa na kan rekta, tun da shi ke cin babban ushiri, babban zauren da jama'a ke taruwa kuwa, da hasumiya da ƙararrawa, na kan mutanen gari.

Tsakanin 1536 da 1540 Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen 'yan zuhudu ya ƙwace dukiyarsu, ya sayar da mafi yawanta ga fadawa da attajirai. Ushirin da ke hannun waɗannan gidaje bai koma wa majami'un ƙauye ba, an sayar da shi tare da filaye, ta yadda mutumin da bai taɓa hawa mumbari ba ya wayi gari shi ne rekta, yana aika keken doki ya kwashe dami ɗaya cikin goma. Amma ribar ta zo da wutsiyarta, wato gyaran sashen bagade. Daga baya, lokacin da aka shiga rarraba manyan filayen ƙauye ana killace su da shinge, sau da yawa sai a yanka wa mai ushiri fili a madadin damin da yake karɓa, nauyin gyaran kuma ya bi filin. Abin da ya faru ke nan a Aston Cantlow a rabon da aka yi a 1743. Ushirin ya shuɗe, filin ya yi ta sauya hannu, amma wajibcin bai faɗi ba. Kuɗin gyaran ya haura fam dubu 200 kafin a gama, ban da kuɗin lauyoyi, kuma a 2009 aka yi gwanjon gonar. Wannan shari'a ta tayar da hankalin masu sayen gidaje har aka riƙa sayen inshora a kanta, gwamnati kuma ta sa watan Oktoba na 2013 a matsayin wa'adin da majami'u za su yi rajistar irin wannan haƙƙi idan suna so ya ci gaba da bin sabon mai saye.

Rabon ginin ya haifar da wani abin da ya fi wannan muhimmanci. Tun da zauren coci na kan jama'a, tilas su samu hanyar tara kuɗi, da mutanen da za su riƙe amanar kuɗin. Daga nan aka samu wakilan coci, galibi mutum biyu da ake zaɓa kowace shekara, waɗanda suke karanta lissafin shiga da fita a gaban kowa. Wannan ita ce hukuma ta farko da talakan ƙauye ya zaɓa da kansa ba tare da wakilin ubangida yana zaune a kujera ba.

Misali daga Morebath

Babu inda aka fi ganin wannan rayuwa kamar Morebath, wani ɗan ƙauyen makiyaya tumaki mai gidaje wajen 33 a ƙarni na 16, a lardin Devon. Limaminsa, Christopher Trychay, ya riƙe cocin daga 1520 har rasuwarsa a 1574, kuma shi da hannunsa ya rubuta lissafin wakilan coci, yana cusa ra'ayinsa da ƙorafinsa a tsakanin alƙaluma. Ubangidan mano kuma rekta a farkon zamaninsa shi ne gidan 'yan zuhudu na Barlinch da ke kusa, shi kuwa na'ibi ne kawai.

A farkon lissafin, cocin yana da asusu da dama, kowanne da mai riƙonsa: na Maryamu, na waliyyiya Sidwell wadda limamin ya kawo girmamawarta ƙauyen, na samari, na 'yan mata, da sauransu. Aikin yawancinsu shi ne kunna kyandir a gaban wani gunki ko bagade. Dukiyar asusun tumaki ce, amma coci ba shi da garke, sai a rarraba tumakin cikin garkunan jama'a, kowa ya kiwata, a ƙarshen shekara ya kawo gashin a sayar, ya kuma faɗi ko tunkiyar ta haihu ko ta mutu. Samari sukan dafa giya su shirya biki a ɗakin taron coci, ribar ta shiga asusu. A ƙauye mai wannan ƙanƙanta, kusan babu magidancin da amana ba ta taɓa zagayowa kansa ba, har da matalauta da mata.

Sai sauyin addini ya zo daga sama. Dokar 1534 ta mai da sarki shugaban cocin Ingila a madadin Fafaroma, umarnin 1538 ya hana kunna kyandir a gaban gumaka, wanda hakan ya kashe dalilin kasancewar asusun da yawa. Limamin ya shafe kusan shekara 20 yana tara kuɗin sayen baƙaƙen tufafin addu'ar mamata, ya same su a 1547, a daidai lokacin da gwamnatin Sarki Edward na Shida ta fara kawar da irin waɗannan al'adu. A 1549, da aka wajabta littafin addu'a na Turanci a madadin Latin, mutanen Devon da Cornwall suka yi tawaye, kuma lissafin Morebath ya nuna cewa ƙauyen ya yi wa samari biyar guzuri da makamai zuwa sansanin da ke bakin birnin Exeter. An murƙushe tawayen da kisa mai yawa. Da Sarauniya Mary ta maido da Katolika a 1553, mutane suka fito da tufafi da kayan ibadar da suka ɓoye a gidajensu. Da Elizabeth ta Ɗaya ta hau a 1558 ta juya akalar, limamin ya bi, ya ci gaba da aikinsa. Abin lura shi ne yadda shafukan ƙarshe suka sauya kama. Maganar waliyyai da kyandir ta ɓace, ta bar lissafin gyaran gada, da kayan sojan da gwamnati ta ɗora wa ƙauyen, da haraji iri-iri.

Lokacin da gwamnati ta hau kan farish

Abin da ya bayyana a Morebath ya faru a duk ƙasar. Mano ta riga ta yi rauni tun annobar 1348 zuwa 1349, wadda ta kashe tsakanin sulusi da rabin jama'a, ta sa ƙwadago ya yi tsada, ta ba manomi damar guduwa zuwa inda za a biya shi. A tawayen talakawa na 1381 kundayen kotunan mano suna cikin abin da aka fi nema a ƙona. Sannu a hankali aikin dole ya koma kuɗin haya, bautar ƙasa ta gushe ba tare da wata doka ta soke ta ba. Sarakunan gidan Tudor, wato gidan su Henry na Takwas da Elizabeth ta Ɗaya, da suke neman hannun da zai kai ga kowane gida, ba su ga amfanin kotun da ta san masu fili kaɗai ba, wadda kuma mallakar wani ce. Farish tana da ginin da kowa ke zuwa ranar Lahadi, da limami mai karatu, da wakilai da suka saba lissafi, da akwatin ajiya mai makulli.

A 1538 Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na Takwas, ya umarci kowane limami ya riƙa rubuta duk baftisma da aure da jana'iza, a ajiye littafin a akwati mai makulli biyu, ɗaya a hannun limami, ɗaya a hannun wakilai. Dokar 1555 ta ɗora wa farish gyaran hanyoyi, kowane magidanci ya ba da aikin kwana 4 a shekara, aka mai da shi 6 a 1563. Dokar 1559 ta sa tarar kwabo 12, wato sule ɗaya, a kan wanda ya ƙi zuwa coci ranar Lahadi ba da uzuri ba. Har ladan kashe dila da tsuntsaye masu cin hatsi wakilan coci ne suke biya bisa dokar 1566. Mafi nauyi duka ita ce dokar matalauta ta 1601, wadda ta sa kowace gunduma ta naɗa masu kula da matalautanta, ta yanka haraji a kan masu gidaje da gonaki, ta ciyar da tsofaffi da marasa lafiya, ta sa marayu koyon sana'a. Duk waɗannan muƙamai ba albashi, a wurare da yawa gida-gida suke zagayawa, kuma taron masu biyan haraji, wanda ake yi a ɗakin da limami ke sauya tufafi, shi ne ya zama majalisar ƙauye, alƙalan sulhu na lardi suna sa ido daga sama.

Ana yawan yaba wannan tsari, kuma ya cancanci yabo ta wata fuska, domin ƙasashe kaɗan ne a wancan zamani suke da harajin dole na ciyar da mabukata. Amma yana da mummunar fuska da bai kamata a rufe ba. Tun da kowace gunduma da aljihunta take ciyarwa, babbar tambaya ta zama: wannan matalauci na wa ne? Dokar 1662 ta ba da ikon a kori baƙo cikin kwana 40 da zuwansa idan ana ganin zai zama nauyi, sai fa in ya kama hayar da ta kai fam 10 a shekara, abin da lebura ba zai iya ba. Aka riƙa ɗora iyali a keken doki ana mayar da su gundumar da uban ya fito, ana gaggauta fitar da mace mai cikin da ba ta da miji kafin ta haihu don kada jaririn ya zama ɗan gari, gundumomi biyu kuma su kashe a wajen lauyoyi abin da zai ciyar da mutumin shekaru. Dokar 1697 ta ƙara da cewa mai karɓar taimako ya ɗinka alama a kafaɗar rigarsa. Inda mutum ɗaya ya mallaki dukan ƙasar gunduma, yakan hana gina ƙananan gidaje ko ya rushe waɗanda ke akwai, leburorinsa su kwana a gundumar maƙwabta su tako da asuba. Takardun tambayoyin da alƙalai suka yi wa waɗannan mutane, inda aka haife su, wa suka yi wa aiki, shekara nawa, su ne kusan kaɗai tarihin rayuwar talakan wancan zamani da ya rage.

Cikin cocin ma matsayin kowa a bayyane yake. Kujeru na gidaje ne da gonaki, ubangida a gaba, manyan manoma a bayansa, leburori can ƙurya, kuma rikicin kujera yakan kai kotun bishop. Wani manomi mai suna Richard Gough, da ya rubuta tarihin gundumar Myddle ta lardin Shropshire wajen 1701, bai ga tsarin da ya fi dacewa ba illa ya zana kujerun cocin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba da labarin iyalin da ke zama a kowacce.

Rabuwa

Tsarin ya dogara ne a kan zaton cewa duk mazaunin gunduma ɗan cocin Ingila ne, kuma wannan zato ya fara tsagewa tun ƙarni na 17. Dokar 1689 ta yarda wa Furotesta masu saɓani da cocin Ingila su yi ibadarsu dabam, amma ba ta ɗauke musu ushiri da harajin gyaran coci ba, 'yan ɗarikar Quaker da yawa kuma sun sha ɗauri da ƙwacen kaya saboda ƙin biya. Ƙidayar masu ibada da aka yi ranar 30 ga Maris 1851 ta nuna cewa wajen rabin waɗanda suka je ibada a ranar ba cocin gwamnati suka je ba.

Majalisar dokoki ta riƙa zare ayyukan ɗaya bayan ɗaya. A 1834 aka haɗa gundumomi wajen dubu 15 cikin rukunoni wajen 600, kowanne da gidan aikin matalauta. A 1836 aka mai da ushiri kuɗi maimakon dami, aikin da ya sa aka zana taswirar gona-gona ta dubban gundumomi. A 1837 gwamnati ta fara nata rajistar haihuwa da aure da mutuwa, a 1868 harajin coci ya daina zama dole. Dokar 1894 ce ta kammala rabon, domin ta kafa zaɓaɓɓun majalisun farish na farar hula waɗanda ba ruwansu da limami, daga nan kuma farish ta zama iri biyu masu suna ɗaya, ta coci da ta gwamnati, kowacce tana sauya iyakarta ba da shawarar ɗayar ba. Ushiri ya ja rai har bayan boren manoma na shekarun 1930. Dokar 1936 ta tsara yadda za a fanshe shi, biyan ƙarshe kuma ya tsaya a 1977.

Ita mano mutuwar tsaye ta yi. Dokar 1922, wadda ta fara aiki a 1926, ta mai da duk filin da ake riƙe da kwafin kundin kotu cikakkiyar mallaka, dokar 1977 kuma ta ƙwace ikon shari'a daga kotunan da suka saura, ban da 'yan kaɗan da aka ambata da suna. Cikinsu akwai ta Laxton a lardin Nottinghamshire, inda har yau ake noma manyan filaye uku marasa shinge, kowane manomi da dogayen yankunansa a warwatse. A ƙarshen kowace shekara masu rantsuwa sukan zagaya fili su duba turakun iyaka, sannan kotu ta zauna a mashayar ƙauyen ta ci tarar wanda garmarsa ta wuce gona da iri. A sauran wurare abin da ya rage sunan sarautar mano ne kawai, wanda ake sayarwa kamar kowace haja, ba tare da gida ko fili ba.

Wannan dogon tarihi ya bar takardu masu yawan gaske, yawancinsu yanzu a ma'ajiyar tarihi ta kowane lardi. Tsofaffin marubuta tarihin larduna, irin su William Dugdale da ya wallafa na Warwickshire a 1656, masu ƙasa ne da limamai, don haka hankalinsu ya tafi ga wanda ya gaji mano daga wa da abin da aka rubuta a kan kaburburan manya. Babban aikin tarihin larduna da aka fara a 1899 da sunan Sarauniya Victoria, wanda har yau ba a kammala ba, yana bin ƙasar gunduma-gunduma ne, kuma sai a ƙarni na 20 masana suka juya sosai ga akwatin coci, inda sunan bara da gwauruwa da jaririn da ya rayu kwana uku yake.

Cocin Ingila yana da gundumomi wajen dubu 12 da gine-gine wajen dubu 16 a yau, kuma a karkara limami ɗaya yakan riƙe majami'u biyar ko fiye, saboda masu zuwa ibada sun ragu ƙwarai. Amma ƙa'idar zama ba ta sauya ba: duk wanda ke zaune cikin iyakar gunduma, ko bai taɓa taka ƙofar cocin ba, yana da haƙƙin a ɗaura masa aure a ciki idan ya cika sharuɗɗan doka, a kuma binne shi a maƙabartar cocin muddin ba a rufe ta ba.